Sai da Kashe: Yadda Za Ka Ci Tallafin Korona da Sandunan Zogale

Kai mai karatu, gyara zama, yau kakarka ta yanke saƙa. Zan koya maka yadda ake cin tallafin da gwamnati kan ware wa masu gonaki da masu renon itatuwa idan annoba ta faɗo, ko da kuwa tun da aka yanke maka cibiya ba ka taɓa dasa ko tsinken sakace ba. Hanyar nan ba ji-ta-ji-ta ba ce. A gabana aka gwada ta shekarar korona, a wani ƙauye kusa da Guci, kuɗi kuma suka fito sababbi ƙal, na gan su da idona, har ƙanshinsu na shaƙa. Matakai tara ne kacal. In ka bi su daki-daki, na ba ka tabbaci kuɗin tallafi sai sun shigo gidanka. Ka riƙe kalmar da kyau: gidanka na ce.

Gwanin da za mu ɗora darasin a kansa shi ne Ɗan Azumi mai amalanke, mijin Uwani, mutumin da Allah ya hore wa dabara fiye da yadda ya hore masa hatsi.

Mataki na ɗaya: Ka tabbata wuya ta kai maka wuya

Mai ƙoshi ba ya ƙirƙira. In rumbunka cike yake, ajiye takardar nan ka je ka yi barci, ba da kai nake ba.

Shekarar nan an rufe iyaka, hanyar Kano ta toshe, ba ci-rani, ba fatauci. Kasuwannin da Ɗan Azumi ke kai wa kaya suka rame, mutane na gaisawa daga nesa kamar surukai. Rumbun gidansa kuwa, in ka leƙa ka yi sallama, muryarka ce ke amsa maka. Ana cikin haka wata safiya Uwani ta ajiye taɓarya ta ce, "Malam, abin da ya rage ba zai kai mu shuka ba. Ko hatsi ya shigo gidan nan, ko Kumandan ya tafi kasuwar Dungas."

Kumandan shi ne san da ke jan amalanken, ja ne mai ƙaton tozo. An sa masa sunan ne don ba ya tashi sai ya ga dama, kuma ba mai tambayarsa dalili. Uwarsa ta mutu yana ɗan maraƙi, Ɗan Azumi ya rene shi da kunu a ƙwarya, yana sa masa yatsa a baki. Son da yake yi wa san nan so ne na gaskiya, ba na wasa ba. Da za a ce ya zaɓa tsakanin Kumandan da haƙoransa, da tuni ya koma shan koko. Ranar sai ya je ya tsaya wajen turke yana sosa wa san wuya har rana ta yi zafi.

To, irin wannan matsin nake nufi. Ka nemo naka.

Mataki na biyu: Ka koyi kalmar da kuɗi ke ciki

Kowane tallafi da kalmarsa. Wanda ya riƙe kalmar ya riƙe igiyar guga.

Ɗan Azumi ya tsinci tasa a rediyon mai shayi, ranar kasuwar Guci. Aka ce gwamnati za ta agaza wa manoman da korona ta karya wa jari, amma layin manoma ya riga ya cika, domin kaf ƙasar nan wa ba manomi ba? Sai mai sanarwa ya ƙara da cewa akwai kaso na musamman ga masu fefinyar, kuma mata ne a gaba.

"Fefi me?" in ji Ɗan Azumi.

Mai shayi ya yi masa bayani: fefinyar wuri ne da ake renon 'ya'yan itatuwa a cikin ledoji har su isa dashe a sayar. Ɗan Azumi ya ajiye kofi. Leda dai ga ta nan tana yawo a kasuwa ba mai ita. Ƙasa ba a saye. Itace kuwa ko'ina ka juya ga shi. Ashe shekara da shekaru yana taka arziki da ƙafa bai sani ba.

Kai ma ka yi yadda ya yi: ka maimaita kalmar tun daga kasuwa har gida. Shi a hanya ta rikiɗe masa ta zama fanfaniya, ta koma fifiniya, har sai da ya tsayar da wani ɗan kabu-kabu ya gyara masa. Da ya iso ƙofar gida yana faɗinta kamar a gidansu aka raɗa mata suna.

Mataki na uku: In ka shiga biro, wato ofis, kada ka kuskura ka yi tambaya

Za ka ji ana cewa matambayi ba ya ɓata. Wannan maganar matafiya ce. A biro, mai tambaya shi ake ganewa baƙo ne a sana'ar. Ka gyaɗa kai kawai, ka riƙa cewa "haka ne, haka ne," ko da Faransanci aka zage ka.

Ɗan Azumi ya wanke babbar rigarsa ya tafi Dungas, ya sami biron da ake rubuta suna. An ɗaura igiya a bakin ƙofa saboda cuta, mai rubutun, wani saurayi mai suna Mas'udu, yana can ciki bayan tebur, ya rufe baki da hanci da takunkumi. Daga nan ya ɗaga murya ya ce, "Baba, je ka shirya fefinyar ɗinka, kwamiti za su zo su gani da idonsu. Amma ka sani, ko dala ba ta fita sai da kashe. In ba kashe, ba kuɗi."

"Sai da kashe?"

"Sai da kashe, Baba."

"Haka ne, haka ne," in ji Ɗan Azumi.

Ya fito yana jinjina hikimar gwamnati. Ai gaskiya ne! Tallafi na wanda ya yi asara ne. Wa ya taɓa karɓar gaisuwar mutuwa alhali mara lafiyan na zaune yana shan fura? Dole kwamiti su tarar da itatuwa a mace, a bushe, a kashe, sannan tausayi ya kama su su buɗe jaka. Wannan kuwa aiki ne da ya dace da shi, don raya itace wahala ne, amma kashe shi ko yaro ya iya. Murna ta hana shi hawa mota, ya taka da ƙafa har rabin hanya yana dariya shi kaɗai.

Mataki na huɗu: Ka sa sunan matarka a dosiye, wato takardar neman tallafi

Dalili biyu ne. Na fari, rediyo ta ce mata ne a gaba. Na biyu, wanda ba a faɗi da ƙarfi, in abu ya ɓaci aka zo da jandarma, sunan da ke takarda shi ake kira. Ɗan Azumi ya auna wannan tun kafin ya bar gida, shi ya sa ya zare kardanten Uwani, wato katin shaidarta, daga cikin kwallarta, ya miƙa wa Mas'udu ta kan igiya. Ba don mugunta ba, in ji shi, don dai an fi jin kunyar kulle mace.

Da ya dawo sai ya kira ta gefe ya yi mata albishir. "Ke Uwani, daga yau kina da fefinyar."

"Ni? Da sunana aka rubuta?"

"Da sunanki, har da na babanki. Amma ki saurara da kyau. Ko ɗigon ruwa kada ki zuba musu. Mai biro da bakinsa ya ce ba a biya sai da kashe."

Uwani ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. "Ya ce maka sai da kashe?"

"Har sau biyu."

Sai ta ja gefen zane ta toshe baki, ta shige ɗaki da sauri ta turo ƙyaure. Daga waje Ɗan Azumi ya ji wani sauti na fita a shaƙe, kafaɗunta kuma da ya leƙa ta kafar ƙyaure sai rawa suke. Tausayi ya kama shi. Mata da raunin zuciya, ko itacen da bai riga ya zo duniya ba sai sun yi masa kuka.

Mataki na biyar: Ka kafa fefinyar tsakanin hantsi da la'asar

Masu sana'ar gaske sukan nemo iri, su jiƙa, su shuka, su yi wata uku suna jira. Kai ba ka da wannan lokacin, kuma ba ka da wannan haƙurin.

Washegarin kasuwa ka je ka tsince ledojin ruwan sanyi da aka sha aka yar. Ɗan Azumi ya tara ɗari uku da 'yan kai. Ka cika su da ƙasa. Shi ƙasar da ta fi kusa da hannunsa ita ce ta wajen turken Kumandan, baƙa wuluk, shekara bakwai sa yana yi mata hidima. Sannan ka sari rassa, ka yanka su kamu-kamu, ka soka kowane a leda. Kada ka wahalar da kanka zuwa daji. Shi shingen bayan gidansu ya far wa, inda Uwani ke da zogale, da dashi, da wata cediya a kusurwa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ai zogale da dashi da cediya su ne itatuwan da in ka soka sandarsu a ƙasa sai ta kama. Ɗan Azumi ma ya sani, ba a birni aka haife shi ba. Amma ana tsakiyar bazara ne, zafin da ƙadangare ke gudu da yatsu biyu. Ba ruwa, wace sanda ce za ta kai kwana uku?

Ya jera su layi-layi a gindin katanga, ya ja da baya ya duba. Wallahi sun yi kyau. Har ya ɗan ji ba daɗi da za su mutu.

A nan ne maƙwabcinsa Sharifu ya leƙo ta kan danga. Ka sani, sirrin da ba ka gaya wa kowa ba ba ya daɗi, don haka Ɗan Azumi ya zayyana masa komai, har da maganar kashe. Kafin magariba Sharifu ya kafa tasa fefinyar da rassan bedi, wato darbejiya, da na gawo, washegari ya je ya rubuta suna. Shi sunan kansa ya sa, don bai yarda da kowa ba. Ya kuma bi ledojinsa ɗaya bayan ɗaya ya barbaɗa musu gishiri.

Mataki na shida: Ka jira kwamiti

An ce mako mai zuwa. Ka sani makon kwamiti ba irin makonka ba ne, nasu yana da 'ya'ya da jikoki.

Na Sharifu, tubarkalla, kwana huɗu suka yi suka bushe ƙayau. In iska ta kaɗa har kiɗa suke yi. Na Ɗan Azumi suka zubar da ganye, ya yi hamdala. Kullum da sassafe ya ɗaura wa Kumandan amalanke su fita neman ɗan abin da za a samu, sai yamma su dawo. Rana ta goma sha biyu ya tsuguna yana duba gawarwakinsa, sai ya ga wani ɗan kore-kore a jikin sandar zogale, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Ya murje shi da yatsa. Ya duba ta kusa da ita, ga wani. Ya taɓa ƙasar ledar ya ji danshi.

"Uwani! Me ya jiƙa ƙasar nan?"

"Ko raɓa ce, Malam," in ji ta daga madafa.

Raɓa a bazara. Ɗan Azumi ya gyaɗa kai, ya ce lallai zamani ya canza, wannan ma cikin sharrin korona ne. Wani abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne ƙasarin gero da aka saba ajiye wa Kumandan ya daina cika ƙwarya, ruwan alwala ma yanzu wai a tasa ake tara shi, ba a bari ya zube ƙasa. Da ya tambaya sai aka ce masa likitoci ne suka hana zubar da ruwa barkatai. Bai ja ba, don shekarar nan ba abin da likitoci ba su hana ba.

Mataki na bakwai: In sun ƙi mutuwa, ka taimaka musu

A nan ake gane gwani. Ga hanyoyi uku, duka Ɗan Azumi ya bi su.

Ta farko, akuya. Kowa ya san tsakanin akuya da zogale ba amana. Ya faki idon Uwani ta tafi rijiya, ya kwance akuyarta ya ja ta har gaban layi ya ce, "Bismilla, yau sallarki ce." Akuya ta sunsuna ganyen farko, ta yi atishawa, ta ɗaga kai ta dube shi duban raini, ta juya ta kama cin igiyar wandonsa. Bai san an jiƙa kashinta a ruwa an yayyafa wa ganyen ba, dabarar da kowace tsohuwa mai lambu ta sani. Akuya ba ta cin abin da ke warin kashinta, itace kuwa taki ya samu.

Ta biyu, malam. Ya tafi wurin Malam Ari ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, addu'ar bushewa nake so."

Malam ya cire tabarau. "Shekara arba'in ina zaune a buzun nan. An nemi ruwa a wurina, an nemi haihuwa, an nemi kasuwa. Kai ne na farko da ya zo neman fari. Me za a busar?"

Ya ba shi labari. Malam ya yi tari mai tsawo, ya juya baya yana gyara alluna, sannan ya ce ya dawo gobe. Washegari ya ba shi rubutu cikin ɗan tulu, ya ce ya riƙa tsiyaya kaɗan a babbar jarka ya cika ta da ruwa, ya bi ledojin ɗaya-ɗaya safe da yamma har kwana bakwai, kada ya tsallake ko guda. Ɗan Azumi ya bi umarni da ikhlasi, jarka biyu kullum, yana zubawa yana cewa "ku mutu, ku mutu." Malam Ari kawun Uwani ne, amma wannan bai shafi darasinmu ba.

Bayan kwana bakwai fefinyar ta yi kore shar, har tsuntsaye sun fara sauka.

Ta uku, hannu. Ya fusata ya cafki wata sanda zai tuge, sai ta taso da ledarta gaba ɗaya, farar saiwa ta huda leda ta kama ƙasa. Kafin ya kai ga ta biyu sai ya ji muryar Uwani a bayansa, a sanyaye.

"Malam, sunan wa ke takardar?"

"Naki."

"To, abin da aka rubuta da sunana da na babana, ba mai tuge shi ina tsaye. In Allah ya kashe su, shi ke nan. Kai dai ajiye."

Ya ajiye. Sharifu kuwa kullum sai ya leƙo ta kan danga ya yi masa jaje. "Sannu, abokina. Wani hannun haka yake, ba ya iya kisa. Ka ga nawa? Ko gara ta ƙi su."

Mataki na takwas: Ranar kwamiti, ka roƙi afuwa

Mako bakwai cur suka shuɗe. Azumi ya wuce, salla ta wuce, gajimare ya fara taruwa a gabas, damin ƙarshe ya fito daga rumbu. Ɗan Azumi ya sallama. Fefinyar ta ƙi mutuwa, tallafi ya kuɓuce, saura kwana ɗaya kasuwar Dungas ta ci. Ya kai Kumandan rijiya ya wanke shi tas, ya shafa masa mai a ƙaho, ya ɗaura masa sabuwar igiya. Yana yi yana ba shi haƙuri, yana gaya masa wai ƙila manomi ne zai saye shi ba mahauci ba. Hawaye na zuba masa, bai ko ɓoye ba. Kumandan dai tuƙarsa yake yi.

Suna dawowa gida sai ga farar mota a ƙofar Sharifu. Kwamiti ne: Mas'udu mai biro da jaka a hammata, da wata ma'aikaciyar gandun daji da ake kira Madam Nabila, da takalmin soja a ƙafarta. Rabin gari ya taru.

Sharifu ya sha sabuwar hula, yana gaba yana nuni. "Madam, ga su nan, ɗari huɗu. Ko guda ba ta tsira ba. Taɓa ki ji."

Madam ta zare sanda ɗaya, ta duba gindinta, ta karya ta, ƙas. Ta lashi yatsa ta ji gishiri. "Malam, wannan ai itacen girki ne, har ka sa masa gishiri. Saura tukunya." Ta ja layi a takarda ta wuce.

Ɗan Azumi ya sulale ya koma gida. In wanda ya kashe ɗari huɗu bai samu ba, ina ga shi? Madam na shiga bayan gidansa ta tsaya cik. Zogale ya kai gwiwa, dashi ya yi toho, cediya ta buɗe ganye tana sheƙi. Kafin ta yi magana ya zube a gabanta.

"Madam, ki yi mini rai. Wallahi na yi iya ƙoƙarina. Na hana su ruwa, na sa musu akuya, har wurin malam na je. Sun ƙi. Amma in za ku ba ni zuwa la'asar, ga adda nan, kafin ku sha ruwa na gama da su."

"Ka gama da wa?"

"Da itatuwan. Ai ga shi nan, shi ya ce ba a biya sai da kashe."

Mas'udu ya sauke takunkuminsa a hankali, ya buɗe baki, ya kasa rufewa. Madam ta zauna a kan turmi tana ta dariya. Da ta samu numfashi ta share ido, ta sa hannu a jakar Mas'udu ta fito da wani ɗan katako mai gindin roba, da ɗan gwangwanin tawada.

"Baba, ka san wannan?"

"Abin buga wa takarda ne."

"To, shi ne kashe. Hatimi. Mu mun zo mu ƙirga masu rai ne, mu buga kashe, a biya, don kada fefinyar ta mutu kafin kasuwa ta dawo. Wa zai ba ka kuɗi don ka kashe itace? Tara ma ake ci."

Aka ƙirga, ɗari biyu da tamanin da shida masu rai. Madam ta ɗora takarda a kan turmi, ta dangwala katakon a tawada, ta buga, dum. Ɗan Azumi ya leƙa ya ga wata 'yar da'ira shuɗiya, ba ta kai gindin kofin shayi ba. Wannan ne ya hana shi barci mako bakwai.

Daga bayan danga aka ji muryar Sharifu yana tambaya ko wani ya ga inda ya ajiye sandarsa, mai kaurin.

Mataki na tara: Ka miƙa hannu, amma kada ka miƙa da nisa

Mas'udu ya ƙirgo jika arba'in. Ɗan Azumi ya goge tafinsa a riga ya miƙa. Mas'udu ya duba takarda ya kira, "Uwani Ali!"

Uwani ta fito daga madafa tana share hannu, ta dangwala yatsa, ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane ƙulli uku. Madam ta ce wannan rabi ne. Sauran sai an dawo an tarar sun ninka, kuma suna raye. "Amma Inna, rijiyarku da nisa. Wa zai riƙa ɗebo miki ruwa?"

Uwani ta dubi Kumandan, yana tsaye fes da sabuwar igiya da ƙaho mai sheƙi. "Ina da sa da amalanke," in ji ta. "Mai korar ma ina jin zan samu."

Da mota ta tafi, taro ya watse, Ɗan Azumi ya matso. "Ke Uwani, dama kin san mene ne kashe?"

"Malam, ƙungiyarmu ta masu ƙuli-ƙuli shekara shida muna da namu. A gwangwanin Gwaggo Hannatu yake kwana."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambaye ni? Kuma da na faɗa, da gari bai waye ba ka koma Dungas ka canza suna." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Kwance masa igiyar nan ta kasuwa. Ba inda za shi."

Ɗan Azumi ya nufi turke. Ya kama ƙullin zai kwance, sai ya kifa fuska a tozon san. Mun ba shi wuri, muka yi kamar muna kallon zogale. Washegari amalanke ta tafi kasuwar Dungas, Kumandan ne ya ja ta, shi ne kuma ya jawo ta gida da buhunan hatsi.

Yau shekara biyar ke nan. In ka bi hanyar Guci za ka ga fefinyar Uwani, har mangwaro da lemo ta ƙara, masu saye na zuwa tun daga Magarya. Za ka kuma gamu da wani jan sa mai ƙiba yana jan amalanke cike da jarkoki, da wani mutum a kai yana hamma, sawu uku kafin hantsi. Uwani ta sa an sassaƙo mata nata katakon a Magarya, da sunanta a jiki. Duk sawun da ya sauke sai ta buga masa a bayan hannu, dum. In ya zo cin tuwo ta duba, in bai cika uku ba ta mai da murfin akushi. Ya taɓa kai ƙara wurin Malam Ari, Malam ya ce shi a iya saninsa haka dokar take, ba a biya sai da kashe.

Ka ga dai na cika alkawari. Kuɗi sun shigo gidan.

Togaciya

Ni mai wannan nasiha ba ruwana da abin da zai biyo baya. In ka bi matakan nan ka wayi gari da sana'a, da tashin asuba, da ciwon baya, da uwar ɗaki a cikin ɗakinka, kai ka jiyo. In kuma naka sandunan sun mutu da gaske aka ci ka tara, ka nemi Sharifu ku jajanta wa juna, yana nan, itacen girkinsa ma bai daɗe da ƙarewa ba. Kada a neme ni a gida, kada a tare ni a kasuwa, kada a aiko mini da sammaci. Duk mai ƙorafi ya rubuto a takarda, ya kai wa Uwani ta buga masa kashe, in ta yarda.